Shagon ulu a cikin ragon siminti na Goulburn

A Ostareliya, matafiyin da ya taso daga Sidni ya bi babbar hanyar Hume zuwa Kanbera, da wuya ya wuce garin Goulburn bai hango Big Merino ba, wato ƙaton ragon siminti da tsayinsa ya ɗara mita 15, nauyinsa kuma ya kai tan 97. An gina shi a 1985 domin karrama kiwon tumakin merino, waɗanda ulunsu ya daɗe yana riƙe da arzikin yankin, kuma mutanen garin Rambo suke ce masa. Bahaushe idan ya tsaya a gabansa, ragon layya ne zai fara faɗo masa a rai, amma a nan gashin ake daraja fiye da naman.

Shagon da ke ƙasan ragon shi ya tsayar da ni. An jera rigunan sanyi, safa, mayafai da huluna, kuma da na sa hannu a kan wani mayafi ruwan toka, na ji laushin da ya sa ake fifita ulun merino: zarensa siriri ne, shi ya sa ba ya ƙaiƙayi ko an ɗora shi a kan fata. Ulu irin wannan ba ya araha a ko'ina, don haka mai ƙaramin guzuri ya tsaya kan safa, kamar yadda na yi. A hunturun Goulburn, wanda yake kamawa daga Yuni zuwa Agusta, ba za ta yi kwantai ba.

Daga shagon ana hawa matakala, a ratsa ɗan baje kolin tarihin ulu, har a kai kan ragon a leƙa waje ta idanunsa. Abin da ake hangowa bai wuce titi da gidan mai ba, amma yara ba sa son saukowa.

A Ostareliya irin waɗannan manyan mutum-mutumi suna da yawa, kamar ƙatuwar ayabar da aka gina a garin Coffs Harbour a 1964, kuma da damansu talla ne da ya rikiɗe ya zama tambarin gari. Da aka karkatar da hanya daga cikin Goulburn a 1992 baƙi suka ragu, sai a 2007 aka ɗauki ragon ɗungurungum a kan babbar mota, aka matsar da shi kimanin mita 800 zuwa inda motoci suke ratsewa.