Tazarar da ba tazara ba: wata biyu da akwatin rawaya na VS Code

Layi ɗaya na Python, harshen rubuta kod na kwamfuta, ya cinye mini yammaci guda. Daga wani shafin koyarwa na kwafo shi na liƙa, na duba shi harafi-harafi, babu ko ɗigon da ya kauce. Amma da na ce ya gudana, sai saƙon kuskure ya fito yana ambaton U+00A0, lambar wani harafi. Na goge layin, na sake buga shi da hannuna, ya tafi sumul. A ido layukan biyu kamar an tsaga kara.

Ashe tsakanin kalmomin ba tazarar da maɓallin kibod ke bayarwa ba ce, wato U+0020. Wata 'yar'uwarta ce, mai ɗaure kalma biyu don kada ƙarshen layi ya raba su, irin wadda masu shafukan intanet ke rubutawa da  . A rubutun zube tana da amfani sosai: ita ke hana "kilo" ya zauna a layi ɗaya, "50" ya gangara na ƙasa. A cikin kod kuwa, ƙaya ce a tabarma. Kuma shigowarta ba wuya. A Mac, yatsa ya ɗan makara a kan Option lokacin da ka taɓa maɓallin tazara, shi ke nan ta shige.

Wannan ne ya sa na koma kan abin da VS Code, manhajar rubuta kod, ya zo da shi tun sigar 1.63 a ƙarshen 2021, jim kaɗan bayan masu bincike a Jami'ar Kambrij sun nuna yadda za a iya ɓoye mugun kod da haruffan da ido ba ya gani. Aikinsa kaɗan ne: duk inda irin wannan harafi yake, sai a zagaye shi da ɗan akwati rawaya. Ka ɗora linzami a kai, ya gaya maka lambarsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne U+200B, tazarar da ba ta da faɗi ko na silin gashi. Na same ta maƙale a ƙarshen wani suna cikin fayil ɗin saituna, inda ta sa binciken kalma ya yi ta ce mini sunan babu shi, alhali ga shi ina kallo. Da akwatin ya fito, siriri kamar tsinke, sai da na yi dariya ni kaɗai. Ya kuma kamo mini U+3000, faffaɗar tazarar rubutun Sinanci da Jafananci, a wani fayil da aka turo mini.

Kuskure ɗaya na tafka, kuma nawa ne. Zumuɗi ya sa na kunna zaɓin da ke yi wa duk harafin da ba na ASCII ba (wato haruffa da lambobin Turanci na yau da kullum) alama. Nan take kowace ƙ da ɗ da ɓ a bayanan da nake bari cikin kod ta shiga akwati, shafi ya yi rawaya fal, tazarar da nake farauta ta ɓace a cikin taro. Na kashe shi, na bar na haruffan ɓoye kawai.

A fayilolin Markdown (tsarin rubuta bayanai da 'yan alamomi) da na rubutu zalla, alamar a kashe take zuwa, sai ka kunna da kanka. Na ga hikimar, tunda a can tazara mai ɗauri takan zama da gangan, musamman a Faransanci da ke sa ta gaban alamar tambaya. Ni dai na kunna, domin daga can nake yawan kwafo umarni.

Akwatin nuni kawai yake yi, ba ya gyara. Gyaran sai in danna Ctrl+H, in kunna binciken regex mai gane harafi ta lambarsa, in rubuta \u00A0, in musanya da tazara ta gari. Jiya fayil ɗaya ya ba ni guda 37.