Katin Shaida: A Fara Da Majalisa Ko Da Umarnin Gwamnati?

Duk lokacin da zancen NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa ta Najeriya, ya taso, sai an tambaye ni wace hanya ce ta fi. Sai in ce a dubi Birtaniya da Indiya.

Indiya da umarni ta kafa hukumar Aadhaar, wato lambar shaidar mazauna ƙasar, a 2009, doka ba ta zo ba sai 2016. Wajen sauri kam ba a magana: mutum biliyan ɗaya sun dangwala yatsa a 2016. Amma dokar ta bi ta sigar kudirin kuɗi, aka zagaye majalisar dattawa, har sai da Kotun Ƙoli ta hana kamfanoni tilasta wa mutane lambar a 2018.

Birtaniya ta fara da doka a 2006. Da mulki ya sauya a 2010, majalisa ta soke ta, aka lalata rumbun bayanan. Kuɗi sun tafi a banza, gaskiya ne, amma wuƙa da nama suna hannun wakilan jama'a.

Ƙasar da miliyoyinta ba su da takarda ko ɗaya, ga tallafi na jira, hanyar Indiya za ta fi mata sauri. Wadda mutanenta ke da fasfo da lasisi, damuwarsu wa ke riƙe da bayanansu, ta Birtaniya ta fi dacewa da ita.