Romon da ya ɓata min dare a Manchester

Ni dai ba mai shiga pub ba ce, amma 'yan ofis ɗinmu ne suka haɗa cin abincin sallama ga wata da za ta koma Leeds, suka yi ta ce min ai wannan ba mashayar 'yan kallon ƙwallo ba ce, gastropub ne, abinci ake zuwa ci kuma girkinsu duk irin na Japan da Koriya ne. Na ce to bari in je kar a ce na cika ware kaina.

Gaskiya da farko na ji daɗin wurin. Nama dai na san ba halal ba ne ban ma kalle shi ba, sai na ce a kawo min soyayyen farin kabeji da aka juya cikin gochujang, jan yajin nan na 'yan Koriya mai ɗan zaƙi-zaƙi, wallahi ya yi daɗi, yana ƙaras-ƙaras ga riɗi an barbaɗa a kai, har na fara cewa a raina zan kawo maigida wata rana.

Sai ramen, taliyar nan ta 'yan Japan da ake zubawa cikin romo. A menu an rubuta naman kaza na daji wato mushroom, da ƙwai da albasa mai lawashi. Duk da haka sai da na tambayi yaron da ke kawo abinci, akwai alade a ciki? Ya je ya ɗauko takardar nan tasu ta abubuwa 14 da dokar ƙasar ta ce dole a sanar saboda masu alaji, gyaɗa, madara, ƙwai, kifi, riɗi da sauransu, ya bi ta da yatsa ya ce babu nama. To ai alade ba ya cikin 14 ɗin nan, ni kuma hankalina bai kai nan ba a lokacin.

Romon ya zo fari tas kamar an zuba madara, mai kauri, yana kama leɓe irin na farfesun ƙafar saniya. Cokali uku na sha sai wata abokiyar aikina 'yar Malesiya, ita ma Musulma, ta leƙo kwanon ta riƙe min hannu ta ce wannan tonkotsu ne fa, ƙashin alade ake tafasawa awanni har ya yi fari haka. Innalillahi. Na tashi na nufi banɗaki na yi ta kurkure baki, zuciyata sai tashi take.

Manajar ta zo da kanta ta ba da haƙuri sosai, ta cire shi daga kuɗin, kuma da na nuna kifin salmon ita ce ta faɗa min gaskiya cewa miyar kansa akwai mirin, giyar shinkafa. Wannan kam na yaba mata, har na ɗan huce.

Amma da bil ya zo sai ga 12.5% na hidima sun lafta. Hidimar me, ta shayar da ni romon alade? Na ce su cire nawa kason, suka cire ba musu. Tauraro biyu na ba su, ɗaya na farin kabejin ɗaya na manajar. Ƙarfe 11 na dare ina kicin ina ɗumama tuwon jiya da miyar kuka.