Tsakuwar ƙoda: allopurinol ko potassium citrate?

Duka biyun ana ba masu fama da tsakuwar ƙoda, amma aikinsu daban. Potassium citrate rage tsamin fitsari yake yi, don sinadarin yurik asid, wanda kan taru ya zama wani nau'in tsakuwar, ya narke. Illarsa galibi ɓacin ciki, sai dai mai raunin ƙoda potassium na iya taruwa masa a jini.

Allopurinol kuwa rage samar da yurik asid ɗin yake yi tun daga tushe, kuma yawancin mutane suna shan sa lafiya. Amma ga 'yan kaɗan, a makonnin farko, sai zazzaɓi, ƙuraje, gyambon baki da ido, har fata ta riƙa saɓulewa kamar ƙuna. Wannan shi ne ciwon Stevens-Johnson, kuma yana kisa. Haɗarin ya fi yawa ga masu ƙwayar gado HLA-B*58:01, wadda ta yawaita a tsakanin 'yan Sin da Tailan da Koriya. Shi ya sa ake farawa da miligiram 100 ko ƙasa, kuma da ganin ƙurji sai a daina a nufi asibiti.

Ga tsakuwar yurik asid zalla, likitoci da citrate suke farawa, kuma ina ganin sun yi daidai.