Kwas ɗin kula da ƙananan yara a kwalejin ilimi: abin da na samu da abin da na rasa

Na shekara shida ina aiki a wani gidan renon yara kafin na shiga karatun NCE a fannin kula da ƙananan yara da koyar da su, wanda aka fi sani da ECCE, a wata kwalejin ilimi ta jiharmu. Tsarin Asabar da Lahadi na bi saboda aiki, don haka karatun ya ɗauke ni shekara huɗu maimakon ukun da ɗaliban kullum ke yi. Hukumar NCCE, wadda aka kafa a 1989, ita ke tsara manhajar kwalejojin ilimi, kuma tun da dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilimin matakin farko, masu makarantu da dama suka fara tambayar takardar shaida kafin su ɗauki mai reno.

Darasin lafiya da abinci shi ne ya fi biyan kuɗinsa. An bi da mu jadawalin riga-kafi daki-daki, daga allurar BCG ta lokacin haihuwa zuwa na mako 6 da 10 da 14, har ta ƙyanda a wata tara, sannan aka koya mana haɗa ruwan gishiri da sukari da kuma awon damtse. Malamar ba ta tsaya ga allo ba, sai da kowacce ta ɗaura ma'aunin a hannun yaro a gabanta. Bayan mako biyu na auna wata yarinya 'yar shekara biyu da muka daɗe muna cewa ƙiwa ce ke hana ta wasa, sai ma'aunin ya tsaya a kan ruwan ɗorawa, wato tsakanin santimita 11.5 da 12.5, alamar ƙarancin abinci mai gina jiki. Na sanar da mahaifiyarta, ta kai ta asibiti a ranar.

Darasin wasa ma ya yi armashi. Mun karanta tarihin masana ilimin yara biyu, Froebel na Jamus da Montessori, wadda ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Rum a 1907, amma abin da ya zauna mini shi ne yadda aka sa mu ƙera kayan koyarwa da marafan kwalba da kwali da yumɓu.

Inda kwas ɗin ya gaza shi ne batun riƙo, kuma a nan ne raina ya fi sosuwa, domin ɗan yayata marigayiya yana hannuna tun yana shekara huɗu. A ajinmu kuwa, da wuya a sami matar da babu ɗan riƙo a gidansu. Duk da haka, kusan kowane misali da aka ba mu na yaron da uwarsa ke kawowa da safe ta ɗauke shi da yamma ne. Yammaci ɗaya kacal aka yi mana bayanin John Bowlby a kan shaƙuwar yaro da mai renonsa, da abin da rabuwa ke haifarwa. A ranar na gane dalilin da ya sa yarona ke ɓoye burodi ƙarƙashin matashi, yana kuma fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa, abin da a da nake ɗauka rashin ji ne har nake yi masa faɗa. Dokar haƙƙin yara ta 2003 tana da sashe guda a kan riƙo ta hanyar kotu, amma ambatonta kawai aka yi aka wuce. Ba a kuma taɓo abin da masu riƙo ke tambayar malamai kullum ba, kamar kiran yaro da sunan mahaifinsa yadda Suratul Ahzab ta umarta, ko muharramcin da shayarwa ke kawowa, ko kiyaye dukiyar maraya.

Sauran matsalolin sanannu ne: cunkoso a ɗakin lacca, jinkirin fitar sakamako, da malamin duba aikin koyarwa da ya leƙo ni sau ɗaya tak. Waƙoƙin yara da aka koya mana kusan duk na Turanci ne, alhali yaran da muke reno da Hausa suke kuka.

Ga mai aiki a makarantar nazire ko gidan reno, ina ba da shawarar ta shiga, musamman da yake takardar na ba da damar yin rajista da hukumar malamai ta TRCN. Wadda riƙo ne kawai ya dame ta kuwa, ba sai ta ɗora wa kanta shekara huɗu ba. Mu takwas muka rubuta wa shugabar sashen muna roƙon a ware wata Asabar don masu riƙo da ma'aikatan gidajen marayu, ko da babu takardar shaida, ta karɓa da fara'a ta ce za ta miƙa wa hukumar kwalejin.