Wata takwas da kayan maƙerin Owode Onirin: wuƙa ta yi, tukuba da sauran magana

Ni mahauci ne ɗan mahauci, shekarata goma sha ɗaya ina gasa tsire da balangu a Agege. Da asuba ina mayankar Oko-Oba wajen nama, da la'asar ina gindin tukuba, sai ɗayan dare nake tashi. 'Yan'uwa sun dame ni da tambaya a kan wuƙaƙen da suke gani a hannuna, wa ya ƙera, nawa ne, suna da kyau kuwa. Shi ne na ce bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta, in huta da maimaitawa.

A da, wuƙa iri biyu nake aiki da su. Akwai farar nan ta kanti da ake saya a Idumota, mai ƙyalli, ba ta tsatsa, amma kafin ka gama yanka cinya ɗaya ta fara santsi a kan jijiya. Sai kuma wadda ake kawo mana daga gida, in wani ya je ganin iyali ko direban shanu zai sauko. Ita kuwa sa'a ce. Wata ka riƙe ta shekara uku, wata mako biyu ta lanƙwashe, ashe da rodin gini aka buga ta. Ba laifin maƙeran gida nake gani ba, kuɗin da muke aikawa ne ba ya sayen ƙarfen kirki, kuma araha ba ta ado.

Wata safiya a Oko-Oba na ga wani ɗan'uwanmu yana sarar ƙashin ƙafar sa da wata baƙar adda, sara biyu ya raba. Na karɓa na duba bakinta, ko alamar lotsawa babu. Shi ya kwatanta mini wani yaro Bakatsine, ɗan gidan maƙera, da yake da rumfa a bayan kasuwar Owode Onirin, can gaba da Mile 12 a kan hanyar Ikorodu. Sunan kasuwar ma ya faɗi abin da ke cikinta, don a Yarbanci onirin mai ƙarfe ke nan. Tsohon inji, gatarin mota, sifirin, bututu, duk wani ƙarfe da ya gaji a Legas can yake ƙarewa.

Na je ina zaton zan tarar da abin da na saba gani a ƙauyenmu: maƙeri a zaune a ƙasa, yaro yana buga zuga-zugi, gawayin ƙirya a gefe. Sai na tarar da mutum a tsaye, sanye da tabarau da safar hannu. Murhunsa tsohuwar tukunyar gas ce ya yanke, ya jera bulon da ke jure wuta a ciki, yana hura ta da gas. A waje yana da wani murhun na gawayi mai fanka, don manyan ƙarafa. Injin wasa wuƙa mai bel shi ya haɗa shi da kansa da motar famfon ruwa. Abin da ya fi ɗaure mini kai wata guduma ce mai inji, da tayar mota a samanta. In ya taka da ƙafa sai ta riƙa dukan ƙarfe dam-dam-dam, aikin da ƙarti biyu za su yini suna yi da masaba. A cikin duk kayan nan, awartakinsa ne kawai tsoho. Ya ce na mahaifinsa ne.

Na ce masa, “Ɗan maƙeri, ina zuga-zugin? Ko ka bar gado ne?”

Ya yi dariya ya ce, “Baba, gado yana nan. Zuga-zugi iska yake bayarwa, fanka ma iska take bayarwa. Abin da ba a sake ba shi ne ban ruwa.”

Ban ruwan nan shi na tsaya na kalla, kuma don shi ne nake wannan rubutu. Da sifirin ɗin mota yake ƙera wuƙa, irin mai falle-falle na ƙarƙashin babbar mota. Kafin ya saya sai ya ɗan goga shi a giranda ya dubi tartsatsin. Ƙarfen da ke da sinadarin kabon isasshe tartsatsinsa rassa yake yi yana fashewa, na rodi kuwa dogo ne siriri. Irin ƙarfen sifirin ɗin nan kabon ɗinsa wajen kashi 0.6 cikin 100 ne, shi ya sa yake ɗaukar ruwa ya yi tauri ba tare da ya zama gilashi ba. Ya kuma gaya mini da bakinsa cewa tsohon sifirin kan zo da tsaga a ɓoye saboda shekarun da ya yi yana ɗaukar kaya, wani lokacin sai an gama bugu take fitowa, a jefar a sake.

Da ya gama siffanta wuƙar ya mayar da ita wuta har ta yi ja. Sai ya ɗauko wani ɗan maganaɗisu da ya ciro daga tsohuwar sifika ya ɗaure a jikin waya, yana taɓa ta da shi. Ƙarfe in ya kai zafin digiri 770 maganaɗisu ba ya kama shi. Daga nan ya ƙara mata wuta kaɗan, ya zaro ta da awartaki ya tsoma a mai, hayaƙi ya turnuƙe. Na lura ba baƙin mai ba ne, man girki ne a cikin wani dogon bututu, ya ce abin da za a yanka abinci da shi ba ya tsoma shi a baƙin mai. Da ta huce ya goga mata magagari, magagarin ya riƙa zamewa, ya kasa cin ta. Na ce to an gama. Ya ce in aka ba ni ita a haka, faɗuwa ɗaya za ta yi a siminti ta karye. Sai ya sa ta a wata 'yar tanda ta gasa burodi, a zafin wajen digiri 200, awa guda, ya fitar ta huce, ya sake mayarwa. Ta fito da launi kamar busasshen karan dawa. Kakana ya sha faɗin cewa wuƙa ruwanta ne ranta, amma sai ranar na ga abin da yake nufi da idona.

Na ba da aikin wuƙa biyu, ɗaya doguwa ta yanka tsire, ɗaya gajera ta fiɗa da cire ƙashi, sai adda ɗaya, ƙugiya shida ta rataye nama, da tukubar ƙarfe mai ƙafa, tun da mai gidan da nake haya a gabansa ya hana ni gina ta ƙasa.

Doguwar wuƙar ita ce sarauniya. Tsire yana son a yanka nama falle-falle, siriri, bai ɗaya, don yaji ya shiga kuma ya gasu tare. Da farar wuƙa sai na riƙa ja ina turawa kamar mai zarto, naman ya fito da baki-baki. Wannan ja ɗaya nake yi, fallen ya kwanta a kan katako har kana hango hasken ƙwan lantarki ta cikinsa. A da, kafin in gama jera tsinke ɗari na koma dutsen wasa sau uku ko huɗu. Yanzu da safe nake wasa ta sau ɗaya, tsakar aiki in ɗan goga ta a bayan 'yar'uwarta, shi ke nan. Kuma tana karɓar wasa, ba ta gardama da dutse. Nauyinta ya zauna daidai inda ƙota ta haɗu da ƙarfe, wuyan hannuna da yake mini ciwo da daddare ya yi sauƙi. Ƙarfen ya ratsa ƙotar har ƙarshe, an dasa ƙusa uku, ba irin wadda ake cusa wutsiya a itace ba, ta kwana biyu ta fara girgiɗi.

Gajerar ma ba laifi, sai dai ƙotarta ta yi santsi da yawa. In hannu ya sha kitse tana so ta kuɓuce. Na naɗe ta da robar tayar keke na ci gaba.

To ga inda za a yi haƙuri da su: tsatsa. Baƙin ƙarfe ne, ba shi da sinadarin da ke hana farar wuƙa tsatsa, ga Legas garin ruwa da iskar teku. A cikin watan Yuni, lokacin da sama ba ta ɗagawa, yarona ya wanke su ya ajiye a jiƙe ya tafi barci. Da safe na tarar sun yi ja-ja kamar an yayyafa musu garin barkono. Sai da na bi su da toka da soson ƙarfe. Tun daga ranar doka ce a wurina, a wanke, a goge da busasshen tsumma, a shafa man gyaɗa, wanda da ma yana nan a gaban mai tsire. Yanzu sun yi wani duhu mai shuɗi-shuɗi, albasa da tumatir sun rina su. Wasu masu saye, musamman matan Yarbawa masu lura, sukan ce, “Malam, wannan wuƙar taka tana da tsabta kuwa?” Sai in wanke ta a gabansu. Wanda ya san ba zai iya wannan hidimar ba, ya zauna a kan fararsa.

Addar ce ta ba ni kunya. Mako na uku ina sarar ƙashin haƙarƙari, sai ji na yi ƙas, bakinta ya ɓalle kamar girman ƙwayar wake, wuri biyu. Na tsaya na tsince naman nan tas don kada ɓarɓashin ƙarfe ya tafi cikin wani. Raina ya ɓaci ƙwarai, don daga Agege zuwa Owode ba nan kusa ba ne: ka bi ta Ikeja, Ojota, Ketu, ka ci cunkoson Mile 12, rabin yini ya tafi. Na isa da shirin faɗa. Ya karɓa, ya dubi wurin da ya ɓalle a hasken rana, ya ce, “Laifina ne, Baba. Ruwan wuƙa na ba ta, ita kuwa adda ƙashi take ci. Ya kamata ta fi haka laushi, bakinta kuma ya fi haka kauri.” Bai ce na sari dutse ba, bai ce yarana ne ba. Ya gyara bakin, ya mayar da ita tanda a zafin da ya fi na farko har ta yi ruwan ƙasa mai duhu, bai karɓi ko kwabo ba. Wata bakwai ke nan tana cin ƙashi, ba ta sake ba. Na daɗe ina hulɗa da masu aikin hannu a garin nan, waɗanda suka taɓa ce mini “laifina ne” ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Ƙugiyoyi ƙugiyoyi ne, suna riƙe nama.

Tukuba kuwa, gaskiya ban ji daɗinta ba. Tunanin da ya yi mai kyau ne: ya sa aljihun toka da ake zarowa, ya huda ramukan iska a gefe, ya kuma ƙi yi mini raga da farar waya mai rufin zin, wato tutiya, ya ce in ta sha wuta hayaƙin da take fitarwa ba shi da kyau ga mai shaƙa, balle ga nama. Na gode masa da wannan, don da yawanmu ragar tsohon firji muke ɗorawa ba mu san me ke jikinta ba. Amma farantin ƙarfen da ya shimfiɗa a ƙasa ya yi siriri. Wata biyu yana shan garwashi ya bankare a tsakiya, wuta ta riƙa taruwa gefe guda, tsire na dama ya ƙone na hagu bai nuna ba. Waldar ƙafa ɗaya ma ta saki. Wani mai walda Bayarabe a layinmu shi ya sake mini farantin da mai kauri, ya kama ƙafar, ya kuma ce in zuba yashi a ƙasa kafin gawayi. Da ya ga waldar farko kai kawai ya girgiza. A ganina yaron nan maƙeri ne na gaske, amma a walda ɗalibi ne, kuma da na sani da na raba aikin tun farko.

Sai maganar alkawari. Mako biyu ya ce, sai da aka yi biyar. Uzurinsa wuta ne, kuma ban ƙaryata shi ba. Gudumar inji da injin wasa duk lantarki suke ci. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 tayar da janareto ya zama abin lissafi, a watan Afrilun 2024 kuma aka kai kuɗin wutar rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta a rana, naira 225 kowane yunit. Gas ma ba ya zama wuri ɗaya. Duk na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne in kira waya sau huɗu ba a ɗauka ba, alhali na ba da rabin kuɗi. In aiki zai makara, a faɗa wa mai shi.

Kuɗi ba zan rubuta adadi ba, don farashin da na biya wata takwas da suka wuce ba shi ne na yau ba. Amma doguwar wuƙar ta ci kuɗin farare huɗu na kanti a lokacin. A wata takwas ɗin nan da na sayi farare uku aƙalla, ban da lokacin da nake ɓatawa a kan dutse. Ga mahauci, mai tsire, mai kilishi, ko mai abincin sayarwa da ke yanka kullum, ta biya kuɗinta. Ga uwargida mai yanka albasa da kaza ɗaya a mako, ban ga dalilin wahalar ba. Wanda zai je, ya tafi da tsohuwar wuƙarsa don a ga tsawo da riƙon da hannunsa ya saba, ya faɗi ainihin abin da zai riƙa yankawa, nama ko ƙashi, ya ce a gurza masa ƙota kada ta yi santsi, kuma ya ƙara mako biyu a kan duk ranar da aka sa masa.

Jiya na aika masa da kafin alƙalami na wuƙar fiɗa guda uku saboda aikin layya, tun da sauran wata uku. Na ce masa tukuba kuwa, ya bar wa Bayarabe.