Shagon malafa mai lamba 6 a titin St James's, Landan

Sanyin watan Nuwamba ne ya kai ni shagon Lock & Co. Hula mai ɗumi kawai nake nema, amma sai da na yi kusan minti goma a tsaye a bakin ƙofa kafin in shiga. Ƙofar katako ce mai duhu, fenti a kan fenti har ya yi kauri, ga kuma wurin da hannuwa suka goge tsawon shekaru. Tagogin ƙananan gilasai ne a jere, bayansu malafu a kan maratayi. Idan ka fito daga tashar jirgin ƙasa ta Green Park ka gangaro wajen Fadar St James's, shagon na hannun hagu, ɗan tsuke a tsakanin manyan gine-gine.

An kafa sana'ar a 1676, ta koma wannan gida a 1765, kuma tun daga lokacin ba ta gusa ba. Tsohon gidan birni ne irin na da: siriri, dogo, shago a ƙasa, ɗakuna a sama. Yana cikin rajistar gine-ginen tarihi da hukumar Historic England ke kula da ita, a mataki na biyu mai tauraro, matakin da gine-gine ƙalilan ne ke samu, domin fiye da kashi 90 cikin ɗari na rajistar suna matakin ƙasa da shi. Ma'anar haka ita ce mai gida ba shi da ikon cire taga ko rushe bango yadda ya ga dama. Sai ya nemi izinin ƙaramar hukuma, kuma yin hakan ba izini laifi ne a dokar Ingila. Da na gane wannan, sai na daina kallon ƙanƙantar wurin a matsayin naƙasu. Mutum biyar suka shigo, sai an riƙa kaucewa juna, kuma na ji daɗin hakan, don kuwa haka masu saye suka riƙa yi shekara ɗari biyu da suka wuce.

Dattijon da ya tarbe ni bai yi gaggawa ba ko kaɗan. "Yallaɓai, bari mu fara da auna kai," in ji shi. Ya zagaya da tef, ya ɗauko huluna uku na ulu daga fararen akwatunan kwali, ya bar ni da madubi. Na tambaye shi wani ƙarfe mai kama da rawani da na hango. Ashe na'urar awo ce 'yar Faransa, ana kifa ta a kai ta huda siffar ƙoƙon kan mutum a ƙaramin kati, don malafa mai tauri ta zauna daidai. Katunan wasu shahararrun mutane na rataye a bango. Wallahi na daɗe ina kallonsu, wani kan kamar ƙwai, wani kamar gyaɗa.

A nan Admiral Nelson, shahararren kwamandan sojan ruwan Birtaniya, ya riƙa sayen malafa kafin yaƙin Trafalgar na 1805, haka ma Winston Churchill, tsohon firaministan Birtaniya, a zamaninsa. A nan kuma aka ba da odar malafar nan mai zagayen kai a 1849, don masu gadin dawa da ke bin ƙarƙashin rassa a kan doki. Duniya na kiranta Bowler, sunan waɗanda suka ɗinka ta, amma a cikin shagon Coke ake ce mata, sunan wanda ya sa aka yi.

Kuɗi kam sai an shirya. Hular da na ɗauka ta haura fam ɗari, na juya ta sau biyu kafin in miƙa kati. Hunturu biyu ke nan ina sa ta, ɗinkin bai saki ba. Wanda zai je, ya je da safe a ranar aiki, lokacin da babu cunkoso, ya nemi a nuna masa na'urar awon.